Yadda Ake Zaga Birnin Firenze A Kwana Uku: Tikiti, Gidajen Tarihi, Lambuna Da Wajen Cin Abinci

Tambaya a kan Firenze, birnin Italiya da ake kira Florence da Turanci, ta yi yawa, ɗalibanmu da ke karatu a Turai suna yi, 'yan kasuwa masu zuwa Italiya sayen takalma da jaka suna yi, har da masu zuwa taro da suka samu kwana biyu uku a hannu suna son su ga gari. Kowa abu ɗaya yake tambaya, ta ina zan fara, nawa zan kashe, me zan ci wanda babu alade a ciki. To ga shi na jera muku daki-daki. Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko, garin nan ba a zuwa masa da "in na je na gani", tikiti ake fara kamawa sannan a ɗora sauran tafiyar a kansa. Wanda ya juya tsarin, rabin kwanakinsa a layi zai ƙare.

Kuɗaɗen da zan ambata na Yuro ne, kuma suna ɗan motsawa daga shekara zuwa shekara, don haka ka leƙa shafin wurin kafin ka biya.

1. Zaɓen ranaku

Kafin komai ɗauki kalanda. Manyan gidajen tarihin gwamnati, wato Uffizi da Accademia da fadar Pitti, duk a rufe suke ranar Litinin. Kenan in kwana uku gare ka kar ka bari Litinin ta faɗo a tsakiya, Talata zuwa Alhamis shi ne daidai, ko Laraba zuwa Juma'a in kana son ka samu sallar Juma'a a garin.

Watan Yuli da Agusta zafi ake yi na gaske, yakan wuce digiri 35, ga garin a cikin kwari yake iska ba ta kaɗawa sosai, ga cinkoson baƙi kamar me. Afrilu, Mayu, ƙarshen Satumba da Oktoba sun fi daɗi. Lokacin sanyi kuma kamar Nuwamba zuwa Fabrairu otal yana sauƙi layi yana raguwa, amma rana tana faɗuwa da wuri, a Disamba ma kafin ƙarfe biyar, lambuna ma da wuri suke rufewa.

Gargaɗi: Lahadin farko ta kowane wata ana shiga gidajen tarihin gwamnati kyauta. Jin kalmar kyauta na jan mutane, amma ranar layin ba ya ɗaukuwa, ciki kuma ba ka ganin komai sai ƙeyar mutane. Mai kwana uku kacal kar ya sa rai da wannan ranar.

2. Kama tikiti tun kana gida

Nan ne gaba ɗayan aikin yake. Wurare uku ne ke buƙatar ka kama lokaci tun da wuri, kuma ga yadda za ka bi su.

Na farko hawan kubbar babbar cocin garin, cocin da suke kira Duomo. Ita ce ta fi saurin cikewa saboda mutane kaɗan ake bari su hau a kowane lokaci. Tikitin wajen kala uku ne. Brunelleschi Pass Yuro 30, shi kaɗai ne ya haɗa da hawan kubba, ga hasumiya ga gidan tarihin cocin ga ginin Battistero, wato wajen baftisma da ke gaban cocin. Giotto Pass Yuro 20, akwai hasumiya babu kubba. Ghiberti Pass Yuro 15, babu hawa ko ɗaya. Dukkansu kwana uku suke aiki. Lokacin da ka zaɓa na kubba ba ya canzuwa, in ka makara shi kenan kuɗinka ya tafi.

Na biyu Uffizi, wajen Yuro 25, da ƙarin Yuro 4 na kama lokaci ta intanet. Biya Yuro 4 ɗin nan dan Allah, kar ka yi ƙoƙarin tsimi a kansa, shi ne bambancin jiran minti goma sha biyar da jiran awa biyu. Zaɓi na safe, ƙarfe 8:15 suke buɗewa.

Na uku Accademia, inda mutum-mutumin David yake, tsakanin Yuro 16 zuwa 20 da ƙarin kuɗin kama lokaci.

Sayi kowanne a shafinsa na asali, na Uffizi uffizi.it ne, na Duomo kuma duomo.firenze.it. In ka rubuta sunan wurin a Google shafukan dillalai ne suke fara fitowa a sama, sun yi ado kamar na gwamnati, su sayar maka da tikitin Yuro 29 a kan 45 ko 50. Tikitin nasu yakan yi aiki, amma kuɗin banza ka ƙara. Rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo, kuma ranar shiga ka riƙe fasfon a jikinka don ana iya tambaya a ƙofa. Yaran da ba su kai shekara 18 ba kyauta suke shiga gidajen tarihin gwamnati, amma su ma sai an kama musu lokaci an nuna takardar shekarunsu.

Akwai wani kati FirenzeCard, Yuro 85, awa 72, yana shigar da kai gidajen tarihi masu yawa. Mutane na ɗauka shi ne sauƙi. Ni dai ban ba mai zuwan farko shawarar sa ba, domin bai haɗa da Duomo ba, kuma sai ka shiga wurare biyar shida kafin ya biya kansa, wanda a kwana uku gajiya ce kawai. Wanda ya fi ma'ana shi ne haɗaɗɗen tikitin Uffizi da Pitti da lambun Boboli, wajen Yuro 40, yana aiki kwana biyar, sharaɗinsa da Uffizi za ka fara.

A dunƙule, Duomo da Uffizi da Accademia da Boboli za su ci maka Yuro 90 zuwa 100 mutum ɗaya.

3. Isowa gari da masauki

Yawancin mutanenmu ta Rum ko Milan suke shigowa Italiya. Daga Rum jirgin ƙasa mai sauri awa ɗaya da rabi ne, daga Milan kusan awa biyu, kamfanoni biyu ne Trenitalia da Italo, kuma wanda ya saya da wuri ya fi samun araha sosai. A allon tasha da shafin sayen tikiti Firenze za ka gani, ba Florence ba. Tashar da kake so ita ce Firenze S.M.N. wato Santa Maria Novella. Akwai Firenze Rifredi da Firenze Campo di Marte, kar ka ji an ce Firenze ka yi wuf ka sauka, waɗannan a gefen gari suke.

In kuma a filin jirgin saman Firenze ka sauka, jirgin cikin gari da suke kira tram, layin T2, yana ɗaukarka daga bakin filin zuwa tsakiyar gari cikin kamar minti 20, tikitin Yuro 1.70 ne yana aiki minti 90.

Gargaɗi: tikitin takarda na tram ko bas, da ka shiga ka zura shi cikin ɗan injin da ke ciki ya buga masa lokaci. Haka na ƙananan jiragen ƙasa na Regionale, injin yana bakin dandamali, ana bugawa kafin a hau. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu, masu dubawa ba sa jin "ni baƙo ne", tara za su yanka maka nan take.

Masauki ka nema tsakanin tasha da Duomo, ko unguwar Santa Croce, ko tsallaken kogi wajen Santo Spirito. Garin ƙarami ne, daga tasha zuwa Duomo minti goma ne a ƙafa, kusan duk abin da za ka gani da ƙafa za ka je. Ka tambaya ko akwai lifta kafin ka biya, tsofaffin gidaje ne da yawa hawa uku huɗu babu lifta, ga akwati. Akwai harajin kwana na baƙi da ake biya a otal, 'yan Yuro kaɗan kowane mutum kowane dare, ba ya cikin kuɗin da ka biya ta intanet yawanci, kar ka ɗauka cuta ce. Wanda ya taso daga Najeriya ko Ghana ya zo da adafta, soket ɗinsu mai ƙafa zagaye ne cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga.

Wani abu da ke rikita baƙi, lambobin gida kala biyu ne a titi ɗaya. Shaguna da gidajen abinci lambarsu ja ce, ana rubuta ta da "r" a ƙarshe kamar 38r, gidajen zama kuma baƙa ko shuɗiya, kowanne da nasa jerin. Sai ka tsaya gaban lamba 38 baƙa kana neman gidan abinci alhali 38 ja tana can gaba.

Maganar hayar mota kuma a bar ta. Tsakiyar garin duk yankin ZTL ne, wato inda aka taƙaita shigar motoci, kyamarori na ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini, tarar ta biyo ka bayan watanni.

4. Rana ta farko: Duomo da kewayensa

Sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, titunan duwatsu ne. Je ka bakin ƙofar kubba minti goma sha biyar kafin lokacinka. Matakala 463 ce, babu lifta, hanyar ƙunci ce a wasu wuraren mutum ɗaya kawai take ɗauka, kuma in ka fara babu inda za ka juyo cikin sauƙi. Mai ciwon zuciya, mai asma mai tsanani, mai ciwon gwiwa, mai tsohon ciki, da wanda ƙuntataccen wuri ke tayar wa da hankali, don Allah su haƙura. Ba a hawa da babbar jaka ko ta goyo, akwai wajen ajiya a dandalin, kai ta can tukuna.

Wanda zai iya kuma, wallahi ya cancanci wahalar. Kana hawa ne a tsakanin bango biyu na kubbar da Brunelleschi ya kammala a 1436, kana ganin yadda aka jera tubalin da idonka, har yau ita ce kubbar tubali mafi girma a duniya. Ka fito sama garin gaba ɗaya na ƙarƙashinka jajayen rufi har zuwa duwatsu.

Hasumiyar Giotto da ke gefe matakala 414 ce, tana da wuraren hutawa a hanya, kuma daga kanta ne kake ganin ita kubbar sosai. Kar ka hau duka biyu a yini ɗaya, tunda tikitin kwana uku ne ka bar ɗaya zuwa gobe ko jibi.

Shiga cikin cocin kanta kyauta ne, shi ya sa layinta ke da tsawo, kuma gaskiya cikin bai kai wajen ƙawa ba. In layin ya yi yawa wuce abinka gidan tarihin Opera del Duomo da ke bayan cocin, yana cikin tikitinka, ba cinkoso, a nan ainihin ƙofofin Ghiberti masu ruwan zinariya suke, waɗanda ke jikin Battistero a waje kwafi ne. Wuraren ibada ne, ana son a rufe kafaɗa da gwiwa, maza su cire hula. Shigar matanmu da mayafi ko hijabi ba matsala.

Da yamma gangara Piazza della Signoria, minti biyar zuwa bakwai. Dandalin kyauta ne, ga fadar Palazzo Vecchio, ga rumfar Loggia dei Lanzi cike da sassaƙe-sassaƙe. A jikin bangon fadar akwai famfon ruwan sha na kyauta, cika gorarka, ruwan roba a wannan yankin tsada gare shi.

Hattara a wannan yankin: masu shimfiɗa hotuna a ƙasa a tsakiyar hanya, ka taka ɗaya su ce sai ka biya, ka dinga duba gabanka. Masu ɗaura maka zare a hannu su ce kyauta ne, ce musu a'a ka wuce. Jakunkuna da tabarau na jabu da ake sayarwa a ƙasa kuma, a dokar Italiya mai saye ma ana cin sa tara. Waya da fasfo a aljihun gaba ko jakar da ke kan ƙirji, 'yan sane suna aiki a cikin cunkoso da cikin bas da tasha.

5. Rana ta biyu: Uffizi da safe, lambu da yamma

Kafin ka shiga bari in faɗa maka abin da wasu ba sa faɗa. Zane-zane da sassaƙen garin nan da yawansu mutane ne tsirara, David na Michelangelo tsirara yake, Venus ta Botticelli haka, sauran kuma mafi yawa hotunan addinin Kirista ne. Mai tafiya da iyali ko dattijo ya san da wannan tun kafin ya biya kuɗi, ya yanke wa kansa. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya duba mataki na 6, akwai wuraren da za su gamsar da shi fiye da nan.

A ƙofa ana bincike irin na filin jirgi. Babbar jaka da lema a ajiye su wajen ajiya, kyauta ne. Ƙaramar gorar ruwa ana bari. Hoto ana ɗauka amma ban da filasha, ban da sandar selfi.

Kuskuren da kowa ke yi shi ne tsayawa a kan kowane zane daga ɗakin farko, kafin a kai ga manyan ƙafa ta mutu ido ya gaji. Ana farawa ne daga hawa na sama. Wuce ɗakunan farko da ɗan sauri, ka isa ɗakunan Botticelli kafin ayarin masu jagora su cika su, daga nan Leonardo da Vinci, sai ɗakin da Michelangelo da Raffaello suke. A dogon barandar da ke kallon kogi tsaya ta taga, nan ne ake samun hoton gadar Ponte Vecchio mafi kyau. A ƙarshen hawan akwai wajen shan kofi mai fili a sama, zauna ka huta minti ashirin ko da ya ɗan yi tsada. Sannan ka sauko ƙasa wajen Caravaggio. Awa biyu da rabi zuwa uku ya isa, fiye da haka ba ka ganin komai kallo kawai kake.

Gargaɗi na fita: titin Via de' Neri da ke kusa ya yi suna da shagunan burodi mai nama, layi har waje, kusan duk na alade ne. Kuma a 2018 hukumar garin ta taɓa kafa dokar wucin gadi ta hana tsayawa cin abinci a bakin titi da ƙofofin shaguna a wannan titin da harabar Uffizi lokacin cin rana da na dare, tara daga Yuro 150 har 500. Zama a matakalar coci ana cin abinci ma ba sa so.

Bayan ka ci abinci ka yi azahar, haye Ponte Vecchio. Shagunan zinariya ne gefe da gefe, tun 1593 aka kori mahauta daga kan gadar aka ba maƙeran zinariya. Hajiyoyi a yi kallo, amma farashin na masu yawon buɗe ido ne, kuma yawanci zinaren 18 ne ba 21 ko 22 da aka saba saye ba.

Minti biyar gaba sai fadar Pitti, lambun Boboli na bayanta, tikitinsa shi kaɗai wajen Yuro 10. Jama'a na jin lambu su ɗauka shimfiɗaɗɗen wuri ne na furanni. A jikin tudu yake, hawa ne da gangara a kan tsakuwa, dogayen bishiyoyi da tafkuna da sassaƙe, furen kaɗan ne. Keken jariri na wahala a ciki. Shiga da ruwa, hau ta tsakiya har can sama wajen ƙaramin lambun Cavaliere inda ake hango gonakin zaitun a bayan gari, sannan ka gangaro ta doguwar hanyar Viottolone zuwa tafkin Isolotto. Awa biyu. Ana rufe shi Litinin ta farko da ta ƙarshe a wata, kuma lokacin tashi na bin faɗuwar rana, a hunturu tun 4:30.

Ni a wajena lambun Bardini da ke kusa da shi ya fi daɗin zama, ƙarami ne, mutane kaɗan, garin na shimfiɗe a gabanka. A watan Afrilu rumfarsa ta furen wisteria mai ruwan hoda da shuɗi tana buɗewa, in ka dace da lokacin kar ka bari ya wuce ka.

6. Rana ta uku: Accademia ko madadinta, sai faɗuwar rana

Accademia ƙarama ce, a titin Via Ricasoli arewa da Duomo, awa ɗaya ta isa. David ya haura mita biyar, Michelangelo ya sassaƙa shi daga dutsen marmara guda tsakanin 1501 da 1504. A hanyar isa gare shi akwai wasu sassaƙe da bai ƙarasa ba, mutane na wuce su da gudu, tsaya ka duba, har sawun kurfinsa ana gani a jikin dutsen. Wanda ke tsaye a Piazza della Signoria kwafi ne, in ganin siffar kawai kake so ka riga ka gani kyauta.

Madadin da nake yawan tura mutanenmu su uku ne. Museo Galileo, bayan Uffizi a bakin kogi, kayan kimiyya ne zalla, madubin hangen taurari na Galileo da kansa, taswirori, da faifan auna taurari na tagulla har da masu rubutun Larabci, yara na jin daɗinsa ƙwarai. Bargello, akwai ɗaki na kayan ƙasashen Musulmi, tagulla da darduma da hauren giwa. Sai Museo Stibbert, yana ɗan nesa da tsakiya sai an hau tram ko bas, tarin kayan yaƙi ne na Turai da Daular Usmaniyya da Farisa da Indiya da Japan, mahaya a kan dawakai an jera su sanye da sulke da kwalkwali, duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan lifidi a hawan Sallah zai daɗe a ɗakin nan. Duba ranakun buɗewarsu kafin ka tafi, ba iri ɗaya ba ne da na Uffizi, Stibbert ma a rufe yake ranar Alhamis.

Awa ɗaya da rabi kafin magariba kama hanyar Piazzale Michelangelo, dandali ne a kan tudu inda ake hango garin gaba ɗaya, kyauta ne. Bas mai lamba 12 ko 13 na kai ka, ko ka hau da ƙafa ta unguwar San Niccolò, ka ratsa ta lambun wardi Giardino delle Rose, shi ma kyauta, a watan Mayu ya fi kyau. In dandalin ya cika, ƙara hawa kaɗan zuwa gaban cocin San Miniato al Monte, ya fi tsayi ya fi natsuwa. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, ka lissafa sallarka da abincin dare da wannan.

7. Cin abinci

Nan sai an natsu, domin a yankin Toscana, inda Firenze take, alade na shiga abinci ta inda ba ka zato. Kalmomin da za ka gani a takardar abinci ka kauce: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, finocchiona, salsiccia, lardo, speck, mortadella, porchetta. Cinghiale aladen daji ne, taliyar pappardelle da miyarsa ta shahara a garin. Carbonara da amatriciana duk da alade ake yi. Miyar ragù sau da yawa haɗin naman sa da na alade ce. Sai strutto, narkakken kitsen alade, ana sa shi a wasu burodi da kayan fulawa na safe, shi ne ya fi kama mutane don ba a ganinsa.

Giya ma tana shiga girki. Peposo naman sa ne da aka dafa cikin jar giya, risotto yawanci ana zuba masa fara, tiramisù wani da giya wani babu, biskit ɗin cantucci kuma ana kawo shi da ƙaramin kofin vin santo, giya ce. Wasu gidajen bayan ka gama su kawo maka limoncello kyauta, giya ce ita ma, ka ce grazie ka mayar.

Rubuta waɗannan a wayarka ka nuna wa mai kawo abinci: "Senza maiale, senza strutto, senza vino", wato ban da alade ban da kitsensa ban da giya. "C'è maiale?" akwai alade a ciki? Sun saba da tambayar, ba wanda zai ji haushi.

Abin da za ka ci hankali kwance yana da yawa kuma shi ne ainihin abincin garin. Pappa al pomodoro, faten burodi da tumatir da man zaitun. Ribollita, miyar wake da kabeji da burodi, mai riƙe ciki, ita ka tambaya don wasu na jefa ƙashin alade. Panzanella lokacin zafi. Taliya da tumatir, ravioli mai cuku da alayyafo, farin wake da man zaitun, kifin baccalà, fiza margherita ko marinara. Burodinsu babu gishiri, haka suke yin sa ba mantuwa ba ce.

Naman da garin ya yi suna da shi bistecca alla fiorentina ne, ƙaton yankan naman sa da ƙashi, ana gasa shi cikinsa ja, ba sa son a ce a ƙara gasawa. Da nauyi ake sayarwa kuma da wuya ya gaza kilo ɗaya. In ka ga an rubuta Yuro 5 ko 6 "all'etto", na giram 100 ne, kenan farantin zai kai 50 zuwa 70, tambayi nauyi da jimillar kuɗin kafin a ɗora a wuta. Haka kifi ma wani lokacin. Akwai kuma lampredotto, tumbin sa a cikin burodi da ake sayarwa a kiyos na bakin titi. Duka biyun ba yankan Musulmi ba ne sai in wurin ya rubuta halal, kowa ya bi abin da ya natsu da shi a kan wannan. Mai son naman halal ya nufi titunan kusa da tasha da San Lorenzo, kamar Via Faenza da Via Palazzuolo da Via Nazionale, akwai masu kebab da gidajen abincin 'yan Pakistan da Bangladesh da shinkafa da kaza, da mahauta masu allon macelleria halal.

Lokaci: abincin rana 12:30 zuwa 2:30, na dare daga 7:30. Gidan da ka ga a buɗe ƙarfe biyar da hotunan abinci a ƙofa da mai kiran mutane su shigo, na baƙi ne, tsada ga rashin daɗi. Matsa titi biyu uku daga Duomo, ko ka haye Santo Spirito ko wajen kasuwar Sant'Ambrogio. Saman kasuwar Mercato Centrale a San Lorenzo kuma yana buɗe tun safe har dare, kowa ya sayi abin da yake so a zauna tebur ɗaya, ya dace da masu yara.

Kuɗi: fiza margherita Yuro 8 zuwa 10, farantin taliya 12 zuwa 16, kebab 6 zuwa 8. A bil za ka ga coperto, Yuro 2 zuwa 4 kowane kai, kuɗin zama ne da burodi, halal ɗinsu ne a rubuce yake a takardar abinci. Ruwa saye ake, naturale shi ne na yau da kullum, frizzante mai gas. Ba dole ba ne ka bar wa ma'aikaci wani abu. Bil ba ya zuwa sai ka nema, "il conto, per favore". Kofi a tsaye a kanta bai kai Yuro 2 ba, ka zauna a kujerar dandali ya ninka sau uku.

Askirim ɗinsu gelato, guji wanda aka tula kamar tsauni mai kala rau-rau a kan manyan tituna, nemi wanda ke cikin gwangwanayen ƙarfe masu murfi ko a kwance, ƙaramin kofi wajen Yuro 3. Faɗi girman da kake so da kuɗinsa kafin a ɗiba, in ba haka ba a miƙo maka na Yuro 10. Malaga da zabaione akwai giya, na 'ya'yan itace da pistacchio da nocciola sun fi aminci.

8. Sallah, bayan gida da ranar tafiya

Masallacin al'ummar Musulmin garin yana wajen Piazza dei Ciompi, tsakanin Santa Croce da Sant'Ambrogio, kamar minti goma daga Duomo, ranar Juma'a a je da wuri wurin na cika. Sauran salloli tunda masauki na kusa, ka tsara komawa ɗaki da azahar ka huta ka yi sallah ka sake fitowa, wannan hutun ne ma ke sa ƙafa ta kai kwana uku. Banɗakunan otal kusan duk akwai bidet na tsarki, na waje kuwa babu ruwa sai takarda, ƙaramar gora a jaka tana magani. Na jama'a Yuro 1 ne, riƙe silalla, kuma yi amfani da na gidan tarihi kafin ka fito. Lambar gaggawa 112.

Ranar tafiya otal na son ɗaki wajen goma ko sha ɗaya na safe, amma yawancinsu za su riƙe maka akwati kyauta har yamma, in gidan haya ne babu mai karɓa akwai wajen ajiyar kaya na kuɗi a tashar S.M.N. In ka samu rarar rabin yini, Pisa awa ɗaya ce a jirgin Regionale. Wanda jirginsa na sama daga Rum zai tashi kuma ya tuna jirgin ƙasan yawanci a tashar Roma Termini yake ajiye shi, daga can akwai wani minti 32 a Leonardo Express zuwa filin Fiumicino, don haka ya bar Firenze aƙalla awa shida kafin lokacin tashi.